Bayan an watse daga bikin yaye ɗalibai, wa ke tsince takardun?

Duk wanda ya taɓa jinkirtawa a zauren taro bayan an tashi daga bikin yaye ɗalibai ya san abin da zan faɗa. Uban jami'a ya fita, mai ɗauke da sandar girma na gabansa, waɗanda aka yaye sun bazu a waje ana ta ɗaukar hoto, masu shara sun shigo. A kan kujeru da ƙarƙashinsu ga littattafan bikin nan a zube. Wani an naɗe shi an yi ta fifita da shi tun safe, wani an zauna a kai har ya lanƙwashe, wani kuma shafi ɗaya tak aka yage, wanda sunan ɗan gida yake ciki, aka watsar da sauran. Kafin rana ta faɗi an tattara su da robobin ruwa an kai bola.

Ban ga laifin baƙi ba, biki suka zo. Ita jami'ar da ta buga littafin nake tambaya: ta ware ko da kwafi uku ta kai inda za a same su bayan shekara hamsin?

Na taɓa zuwa wata jami'a neman littafin bikin wata shekara, saboda rubutun da nake yi a kan wani tsohon malamina da ya rasu. Ofishin magatakarda suka ce in je ofishin hulɗa da jama'a, tunda su ke bugawa. Can aka ce ai da an gama biki aikinsu ya ƙare, in gwada laburare. A laburare wata ma'aikaciya mai kirki ta kai ni wani ɗaki a ƙarƙashin bene, ta jawo kwali uku. Littattafan na ciki, sai dai shekarun a tsallake suke, gara kuma ta cinye gindin kwalin ƙarshe. Ga ambulan cike da hotuna, mutane cikin alkyabba da hula mai kusurwa huɗu suna murmushi, bayan kowane hoto fari fat, ba suna ba kwanan wata. Ga kaset ɗin bidiyo guda shida duk sun yi hunhuna. Shekarar da na je nema ba ta ciki. Sai ta ce da ni, "Malam, ka gwada tsofaffin ɗalibai, wataƙila wani ya ajiye nasa." Shawara ce mai kyau, kuma ita ce ta fi ci mini rai: jami'a sukutum ta jingina tarihinta da akwatin wani tsohon ɗalibi.

Ana ɗaukar littafin biki kamar katin gayyata mai kauri. Buɗe shi ka gani. Akwai sunan kowane ɗalibi da sashensa da matakin digirinsa. Akwai taken binciken duk wanda ya sami digiri na uku, da kyaututtuka da waɗanda suka ɗauki nauyinsu, da sunayen shugabannin tsangayoyi na wannan shekarar, da yabon da aka karanta wa wanda aka bai wa digirin girmamawa. Sau da yawa har da jawabin shugaban jami'a, inda yake lissafa gine-ginen da aka kammala yana kukan rashin kuɗi. Ka jera irin wannan na shekara talatin, za ka ga shekarar da mace ta fara fitowa daga sashen injiniya, da shekarar da wani sashe ya ɓace shiru, da shekarun da ba a yi biki ba sam har aka haɗe su a taro guda. Da wuya ka sami wata takarda ta jami'a da ta tara wannan duka a wuri ɗaya.

Da tsohuwar zuma ake magani. Anton Wilhelm Amo, wanda aka haifa a yankin Axim na ƙasar Ghana ta yau aka kai shi Turai yana yaro, ya tsaya a gaban malaman Jami'ar Halle ta Jamus a 1729 ya kare wani bincike a kan haƙƙin baƙar fata a Turai. Rubutun ya ɓace. Abin da ya rage shi ne wani ɗan gajeren rahoto a wata jaridar mako-mako ta garin, wanda ya ambaci taron ya taƙaita hujjarsa. Da wannan, da rajistar jami'o'in da ya zauna, da kundin da ya kare a Wittenberg a 1734, aka san cewa ɗan Afirka ya yi digirin digirgir a falsafa ya kuma koyar a Jamus kusan shekara 300 da suka wuce. Wanda ya rubuta wancan rahoto aikinsa na yau da kullum kawai yake yi, bai san shi kaɗai zai zama shaida ba.

Takardun nan kuma su ake buɗewa ranar da jami'a ta ga dama ta biya bashi. Jami'ar Cambridge ta daɗe tana barin mata su yi karatu su zauna jarrabawa, amma ta hana su cikakken digiri. A 1897 da aka kaɗa ƙuri'a a kan batun, ɗalibai maza suka rataye mutum-mutumin mace a kan keke a gaban zauren taron, kuma hoton wannan rana yana nan har yau. Oxford ta fara bai wa mata digiri a 1920, Cambridge sai 1948. A 1998 ta gayyaci matan da suka kammala kafin 1948 ta yi musu bikin da aka hana su, ɗaruruwa suka zo, mafi yawansu tsofaffi tukuf. Haka Jami'ar Washington ta Amurka ta yi a 2008 ga ɗalibanta 'yan asalin Japan da aka raba da karatu a 1942 aka tura su sansanonin tsaro. Ba a yin irin wannan gyara sai an san su waye, kuma ba a sanin su waye sai an ajiye sunaye.

Na san amsar da ofishin magatakarda zai bayar, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce digiri ba a zauren biki ake tabbatar da shi ba. Majalisar malaman jami'a ce ke amincewa da sakamako, rajista da takardar sakamakon ɗalibi su ne hujja. Littafin biki kuwa ana kai shi maɗaba'a tun kwanaki kafin taro, cikin gaggawa, ana samun sunan da aka rubuta ba daidai ba, da wanda aka manta, har da wanda aka sa alhali bai gama ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma rajista a ofis ɗaya take, a hannun mutane kaɗan. Tana iya ƙonewa, kuma inda amana ta yi ƙaranci ana iya cusa mata suna bayan shekara ashirin. Littafin da aka buga dubbai aka raba wa jama'a a rana sananniya, wa zai bi gida-gida ya sauya shi? Idan gardama ta tashi a kan ko wane ya taɓa kammala karatu a wuri kaza, shi ne shaida na biyu. Game da kurakurai kuwa, maganinsu a ajiye kwafin da aka karanta sunaye daga ciki a kan mumbari, wanda aka yi wa gyara da biro, tare da takardar da ta bayyana gyaran.

Inda na fi jin tsoro shi ne digirin girmamawa, domin a nan ne jami'a ke da dalilin son mantuwa. Jami'ar Edinburgh ta bai wa Robert Mugabe na Zimbabwe digirin girmamawa a 1984, ta janye shi a 2007 saboda kisan da aka yi a yankin Matabeleland na ƙasarsa a ƙarƙashin mulkinsa. Janyewa hukunci ne da jami'a ke da ikon yankewa. Abin da bai kamata ba shi ne a goge sunan daga jeri kamar ba a taɓa yi ba. A bar yabon da aka karanta ranar farko, a ɗora takardar janyewar a gefensa, mai karatu ya ga yadda manyan masana suka auna mutum da yadda suka sake aunawa. Har wanda ba a bayar ba ma tarihi ne. A Janairun 1985 malaman Oxford suka ƙi amincewa a bai wa Margaret Thatcher digirin girmamawa, da ƙuri'a 738 a kan 319, saboda rage kuɗin ilimi da gwamnatinta ta yi, alhali tsohuwar ɗalibarsu ce kuma ita ce firaministar Birtaniya. Jami'ar da ke ajiye hotunan murmushi kaɗai, ta zubar da rahoton kwamitin da ya zaɓi sunayen, talla take tarawa.

Jawabai ma haka. Mafi yawansu nasiha ce da ba mai tunawa da ita bayan mako guda, na yarda. Amma a ranar yaye ɗaliban Harvard, 5 ga Yunin 1947, George Marshall, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya gabatar da shirin farfaɗo da Turai bayan yaƙin duniya na biyu, shirin da ya laƙume sama da dala biliyan 13. Ba a sanin wanne jawabi ne zai yi nauyi sai daga baya, don haka a ajiye duka, ai ba su cin wuri.

Wani zai ce wannan damuwar zamanin takarda ce, yanzu komai na intanet. A ganina yanzu ne ma abin ya fi haɗari. Takarda mai kyau, in ta tsira daga ruwa da gara, tana yin shekaru ɗaruruwa ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Kaset ɗin bidiyo kuwa zarensa na lalacewa cikin 'yan shekaru gommai, kuma kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon irinsa, ya daina a 2016. Bukukuwan da aka yi ta Zoom da YouTube a 2020, lokacin annobar korona, ina suke zaune yanzu? Wasu a shafin da wani ma'aikaci ya buɗe da adireshinsa na kansa, kalmar sirrin na kansa, in ya bar aiki ya tafi da ita. Hotuna dubu uku na kwamfutar mai ɗaukar hoton da aka yi haya, kuma ba wanda ya rubuta a yarjejeniya cewa zai miƙa na asali. Duk lokacin da aka sabunta shafin jami'a, labaran shekarun baya kan bi ruwa. Su kansu manyan kamfanonin ba abin dogaro ba ne: an rufe GeoCities, inda mutane ke buɗe shafukansu na intanet, a 2009, dandalin sada zumunta na MySpace kuma ya amsa a 2019 cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora na tsawon shekara 12.

Ga kuma wuta. A Satumban 2020 babban ginin Jami'ar Makerere ta Yuganda, inda ofisoshin gudanarwa suke, ya ƙone. A Afrilun 2021 gobarar daji ta cinye zauren karatu na laburaren Jagger a Jami'ar Cape Town, da wani ɓangare na tarin littattafansa a kan Afirka. Abin da ke da kwafi ɗaya a gini ɗaya, dare ɗaya ya ishe shi.

Gyaran bai kai kuɗin adon zaure na biki guda ba. Matsalar ita ce aikin ba shi da mai shi, shi ya sa aka yi ta tura ni daga ofis zuwa ofis. Oxford ta naɗa mai kula da ma'ajiyar takardunta tun 1634, Brian Twyne ne ya fara riƙe muƙamin, kuma har yau akwai mai riƙe da shi. Kowace jami'a na iya yin haka daidai ƙarfinta: mutum ɗaya mai suna da kasafi, wanda yake cikin kwamitin shirya biki tun zaman farko, kuma ba a rufe lissafin biki sai ya sa hannu cewa ya karɓi littafin, da jawabai, da bidiyon asali, da hotuna. Hotunan kuma a rubuta musu sunaye cikin makon, tun ana gane fuskoki. A ajiye kwafi a gini biyu daban, a aika ɗaya laburaren ƙasa. Tsofaffin shekarun da suka ɓata a nemi tsofaffin ɗalibai su kawo nasu a ɗauki hotonsu a mayar musu.

Sai batun sirri, wanda ba na so a raina. Akwai wanda ke da dalili mai ƙarfi na ƙin a ga sunansa da sashensa da shekararsa a intanet, kamar matar da ta gudu daga mai cutar da ita. Jami'o'i da dama na tambayar ɗalibi tun kafin biki ko ya yarda a buga sunansa, kuma daidai ne. Amma ajiyewa daban, bazawa daban. Cikakken kwafi ya zauna a ma'ajiya, mai bincike ya zo ya nema bisa ƙa'ida, na intanet kuma a cire abin da ya kamata a cire.

Littafin da na je nema, daga baya na same shi a hannun wani abokin karatun malamin nawa, cikin leda, tare da katin zamansa na ranar. Na ɗauki hoton kowane shafi na aika wa ma'aikaciyar nan ta laburare. Ta amsa da godiya, ta kuma tambaye ni ko mutumin yana da na shekarar da ta biyo baya, domin shi ma babu.