Kwamfuta ta kada mini yaro bai ko shiga fili ba

Shekara 19 ke nan ina riƙe da littafin 'yan kokowar ƙungiyarmu a nan Tahoua. Littafin ɗan lakwal ne mai jan bango, ya kumbura da hotuna har sai da na ɗaure shi da roba. Duk wanda ya taɓa ɗaura walki a hannunmu yana ciki: sunansa, laƙabinsa, garinsu, wanda ya kayar da wanda ya kada shi, har bashin da ake bin sa na kuɗin mota. Bana bayan kaka aka kira shugabannin ƙungiyoyi taro, aka ce zamanin littafi ya wuce. Wani matashi ya zo daga Yamai da kwamfuta a jaka, ya haska bango, ya nuna mana manhajar da za ta haɗa dukkan ƙungiyoyi wuri guda. Kowa zai sa yaransa ta waya, a biya kuɗin kati ta waya, katin ya fito da wannan alama mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa a ƙofar fili. Aka tafa. Wallahi har da ni a masu tafin.

Kuma ba tafin munafunci na yi ba. Na san cutar littafi fiye da wanda ya kawo maganin. Na ga ƙaton da gemu ya cika masa fuska an rubuta shi cikin yara. Na ga ɗan kokowa ɗaya da sunansa a ƙungiya 2, ya ci abincin wannan ya yi wa waccan kaye. Na ga kuɗin kati sun shiga aljihun da ba a sake jin labarinsu ba. In akwai na'urar da za ta toshe wannan, wa zai ƙi ta? Sai dai ashe wanda ya ɗinka rigar bai taɓa ganin mai sa ta ba.

Na zauna da yarana 23 a zaure, da wayar ɗana tunda tawa mai maɓalli ce. Layin farko suna, na biyu ranar haihuwa, nan muka cije. Jama'a, ku duba takardun mutanen karkara. Yaron da aka haifa a bukka cikin gona, sai da zai shiga lakwal ko zai yi katin ɗan ƙasa aka je kotu aka yi masa takarda. Wasu an rubuta musu da Faransanci cewa an haife su wajen shekara kaza, babu wata babu rana. Wasu kuma an jibge su duka a ranar 1 ga Janairu, sai ka ce duk matan Adar rana ɗaya suke naƙuda. Manhaja ta ce ita ba ta san wajen shekara ba, sai rana da wata. To, muka bi sahun masu takarda muka sa 1 ga Janairu. Cikin yarana 3 suna Abubakar, 2 daga cikinsu uban kowane Mahamadu, shekararsu ɗaya. Na sa na farko ya shiga. Na sa na biyu sai jan rubutu ya fito, wai wannan mutum ya riga ya yi rajista. Ɗaya daga Illela yake, ɗaya daga wajen Buza, ɗaya dogo ɗaya gajere, ba su ma gaisawa saboda wani tsohon kaye. Kwamfuta ta ce mutum ɗaya ne, kuma ba ta karɓar rantsuwa.

Sai rubutun suna. Takardar haihuwa ta ce Aboubacar, katin ɗan ƙasa ya ce Boubacar, layin wayar kuma da sunan yayansa aka saya. Kowane magatakarda ya rubuta yadda kunnensa ya ji, yanzu yaro ne zai biya. Wurin laƙabi kuwa babu shi sam. Wannan ya nuna mini wanda ya tsara abin bai taɓa zama cikin ƙurar fili ba. Ka shiga kasuwar Lahadi ta Tahoua ka ce Kadri Abdu, mutane da yawa za su tambaye ka wane ne. Ka faɗi laƙabinsa, Isaka Isaka na Dosso, har mai tallar goro zai ajiye faranti ya ba ka labarin takubban gasar ƙasa da ya ɗauka. A kokowa laƙabi shi ne suna, da shi makaɗi ke kira, da shi ake kirari, da shi ƙauye ke sanin nasu ya fito.

Wanda ya fi ƙona mini rai ɗan ƙanwata ne. Yaron nan tun yana kiwon awaki na ga yadda yake dasa ƙafa, na ce Allah ya yi abinsa. Bara duk wasannin kaka na yankinmu ba wanda ya kai bayansa ƙasa. Kamar kowane Ba'adare, da rani yakan tafi biɗa, shekara 2 yana Abijan yana turin kaya a kasuwa. Bana ni na hana shi komawa, na ce ya tsaya a yi zaɓen waɗanda za su wakilci yanki, in Allah ya yarda ya shiga cikin 10 na jiha. Ya ji maganata ya zauna, abokansa suka hau mota suka bar shi.

Rajistarsa ta tsaya a kan lambar sirri. Manhaja tana tura lamba 6 zuwa wayar ɗan wasa, a shigar da ita cikin 'yan mintuna. A taron farko da aka karɓi sunaye a takarda, tsohon layinsa aka rubuta, wanda ya mutu tun yana Abijan. Lamba tana tafiya can inda babu kowa. A canza layin fa? Sai an shiga asusunsa. A shiga asusun fa? Sai da lambar da ake turawa tsohon layin. Kun ji fa! Maɓallin ɗaki yana cikin ɗaki, an ce ka buɗe ka ɗauko.

Sauran yaran ma ba da sauƙi ba. Wanda ke ƙauye sai ya hau tudu ko ya je bakin kwalta neman rezo, kafin saƙo ya iso wa'adinsa ya ƙare, a sake daga farko. Komai da Faransanci, alhali rabin yarana makarantar allo suka yi. Hoto kuwa an ƙi na mutum 4, wai haske bai isa ba. Sau 2 na biya jika 2 na katin yaro ɗaya, kuɗin suka fita daga waya, manhaja ta ce ba ta gani ba. Ban ma sa kuɗin kiredi da na cajin waya cikin lissafi ba, ga wuta da ke ɗaukewa daidai lokacin da abu ya kusa tafiya.

Na je biro sau 5. Akwai wani yaro da aka ba amanar kwamfutar, shi kaɗai ke da ikon gyara. Ranar farko ba rezo. Rana ta biyu ya tafi suna. Ta uku na same shi, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Baba, matsalar daga Yamai take, sai an buɗe daga can." Na ce, "Ɗana, Yamai fiye da kilomita 500 take daga nan, ni kuma zaɓe jibi ne. Ga yaron tsaye gabanka, ga katinsa, dube shi." Ya ce, "Baba, ni ba mutum nake dubawa ba, abin da na'ura ta nuna shi ne." Ina zaune a benci ban tashi ba wani mai babbar riga ya shigo da takardun yaransa 2, matsalarsu irin tamu sak. Aka ja masa kujera, aka kawo ruwan sanyi, aka danna nan aka danna can, kafin ya shanye ruwan katunan sun fito. Ashe Yamai ɗin tana kusa, ga wanda ya san ƙofarta. Da can in mai littafi ya yi son kai, mukan tare shi gaban jama'a mu buɗe shafi mu nuna masa. Yanzu sai a ce na'ura ce, ka je ka yi faɗa da ita.

Abin kunyar, a garin nan fa aka fara gasar takobin ƙasa, a 1975 zamanin Seyni Kountché, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Tun daga lokacin jihohi ke karɓar baƙuncinta bi da bi, yau jiha 8 kowace ta kawo gwarzo 10, ƙasa duka ta tsaya cik a bakin rediyo da talabijin. Waɗannan 80 ɗin daga ina suke fitowa? Daga gona, daga kiwo, daga dandalin ƙauye cikin farin wata bayan an kai hatsi rumbu. Ba a gidajen masu takardu cikakku ake haihuwarsu ba. Wanda zai yi wa kokowa manhaja, ya fara zuwa ya kwana 3 a Badagishiri ko Kaita ya ga irin wayar da ke hannun mutane. Ya bar wurin shekara kaɗai ga wanda bai san ranarsa ba, ya sa wurin laƙabi da sunan gari, ya sa Hausa da Zabarmanci, ya yarda shugaban ƙungiya ya tsaya wa yaronsa da layinsa. Kuma ikon gyara kada ya zauna a hannun mutum ɗaya da ba mai duba shi.

Ranar zaɓe na je da yara 23, aka haska kati a ƙofa, 14 suka shiga. Ɗan ƙanwata ya zo da walkinsa da gurayensa a leda, uwarsa ta kwana tana masa addu'a. Ya tsaya bayan shinge yana jin ganga, yana kallon wanda ya kayar sau 2 bara ana ɗaga masa hannu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Kawu, ba komai, ka ranta mini kuɗin mota." Na sayar da tunkiya na ba shi.

Kwana 9 da tafiyarsa saƙo ya shigo wayar ɗana da tsakar dare, ya karanta mini da safe: an karɓi rajistar ɗan wasa cikin nasara, ana taya shi murna. Jika 2 ɗina da suka ɓace kuwa an ce in cike takardar koke, a cikin manhajar.