Bakano, Bazazzagi da Kwamfutar da Ta Ƙi Intanet

A wani shagon gyaran kwamfuta, kasuwar Farm Centre, Kano.

Bazazzagi: Salamu alaikum. Ina mai shagon?

Bakano: Wa alaikumus salam. A'a, bawana ne da sassafe? Me Zariya ta ɓata kuma?

Bazazzagi: Kai ne bawa. Kwamfutana ne. Jiya da dare Windows ya sabunta kansa, da asuba na kunna, alamar Wi-Fi ya ɓace, sai wani ɗan hoton duniya a ƙasa.

Bakano: Kwamfutar ma kun mai da ita namiji. Ajiye ta nan. Wayarka tana hawa mifi ɗin?

Bazazzagi: Lafiya lau.

Bakano: To mifi ya fita daga zargi, kamfanin layi ma haka, data ma akwai. Ciwon yana cikin nan. Ka sake kunna ta?

Bazazzagi: Har na gaji da kashewa da kunnawa.

Bakano: Shut down ko Restart?

Bazazzagi: Ai duk kanwar ja ce.

Bakano: Ina! A Windows 10 da 11, in Fast startup na kunne, Shut down adana direbobi, wato 'yan manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta, yake yi yadda suke, ta tashi da su da ciwonsu. Restart ne ke loda su sabo fil. Wannan karatun ɗari biyar ne.

Bazazzagi: Mu da jami'a ke garinmu tun 1962 za ka sayar wa karatu?

Bakano: Amma a hammata ka ɗauko ta zuwa Kano. To, na yi Restart, shiru. Alamar jirgin sama ma a kashe take. Danna maɓallin Windows da X tare, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Network adapters. Me ka gani?

Bazazzagi: Wani ɗan alwatika ruwan ɗorawa a jikin na Wireless. Ya rubuta Code 10.

Bakano: Ga ɓarawon. Katin Wi-Fi yana nan da ransa, direbansa ne, wato 'yar manhajar da ke haɗa shi magana da Windows. Sabuntawar ta sauke tsohon ta ɗora wanda ba su jitu ba. Shiga Properties, sai Driver, ka danna Roll Back Driver mu dawo da na da.

Bazazzagi: Ya yi fari, ba ya dannuwa.

Bakano: Ba ta ajiye tsohon ba ke nan. Ba komai. In babbar sabuntawa ce, Windows kan ba da kwana 10 a koma baya ta Recovery, muddin jakar Windows.old tana nan.

Bazazzagi: Wace? Mai cin wuri ɗin nan? Ai na share shi ɗazu. Abu an rubuta masa tsoho ƙarara.

Bakano: Innalillahi! Da hannunka ka rushe gadar komawa gida. Kuɗin aiki ya ƙaru.

Bazazzagi: To mu yi Network reset mana, na ji ana faɗa.

Bakano: Shi ne makamin ƙarshe. Yana sauke duk katunan sadarwa ya sake ɗora su, bayan minti 5 ta kunna kanta, kuma duk fasiwod na Wi-Fi da ta haddace sai ta manta. Ka san su da ka?

Bazazzagi: Nawa na sani. Na maƙwabci dai, yaronsa ne ya sa min a ɓoye.

Bakano: To a bar kaza cikin gashinta. Na yi Uninstall device, ban taɓa akwatin goge direba ba, na sake kunnawa, wancan dai ta mayar. Sai mun sauko da na asali daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Bazazzagi: Da wane intanet? Ka ga inda wayon Kano ya ƙare.

Bakano: Kawo wayarka da igiyar caji mai ɗaukar data. Soka nan. Shiga saitin Hotspot ka kunna USB tethering. Kwamfuta za ta ɗauke ta kamar igiyar intanet, ba ruwanta da katin Wi-Fi.

Bazazzagi: Me ya hana a sa taka wayar?

Bakano: Datata ta kasuwa ce. Gode wa Allah ma na kunna Metered connection, da yanzu Windows ta hau saukar da wasu kayan ta lashe maka ita tas. Juya ta ka karanto lambar samfurin da ke ƙasa, kada mu ɗauko na wata. Yauwa. Ya sauka, ya hau. Duba ƙasa.

Bazazzagi: Alamar ya dawo! Ya hau mifi. Amma shafi ba ya buɗewa.

Bakano: Buɗe Command Prompt a matsayin administrator, rubuta ipconfig. Karanto adireshin.

Bazazzagi: 169.254...

Bakano: Tsaya nan. Duk adireshin da ya fara da haka, kwamfuta ce ta raɗa wa kanta don mifi bai ba ta ba. Rubuta ipconfig /release, sai ipconfig /renew.

Bazazzagi: Yanzu 192.168 ne.

Bakano: Madalla. Rubuta ping 8.8.8.8, mu ƙwanƙwasa wa Google ƙofa da lamba mu ji ko za a amsa.

Bazazzagi: Amsa huɗu.

Bakano: Yi ping google.com.

Bazazzagi: Wai bai san shi ba.

Bakano: Hanya ta buɗe, mai mayar da suna lamba ne ya ɓata, DNS. Ka taɓa sa VPN na kyauta?

Bazazzagi: Guda uku kacal.

Bakano: Kacal! Ɗayansu ya bar nasa DNS a maƙale. Cire su duka, mayar da DNS kan Automatic, rubuta netsh winsock reset da ipconfig /flushdns, sai Restart. To, buɗe shafi.

Bazazzagi: Ya buɗe. Dama abin da nake shirin yi ke nan.

Bakano: Na sani, malam. Na dakatar maka da sabuntawa, iyakarta mako 5, kada ka bar ta haka har abada. Direban kuma na ajiye shi a filashi. Dubu biyar, filashi daban.

Bazazzagi: Bari in yi maka tiransifa. Kash, manhajar banki ba sabis.

Bakano: Ga kwamfuta da intanet garau, shiga ta nan.

Bazazzagi: Na manta fasiwod.

Bakano: Batirinta minti nawa yake yi?

Bazazzagi: Ashirin, in an rage haske.

Bakano: To ɗauki kwamfutarka, Allah ya kiyaye hanya. Caja dai a Kano za ta kwana.