A ba ɗaliban likitanci lokaci a ɗakin likitan iyali, ba leƙe ba

Shekara 6 ɗalibi ke yi a makarantar likitanci, ya ƙara 1 ta horo a asibiti, sai bautar ƙasa. To a bautar ƙasar nan ne ake gane me aka koya masa. A tura shi wani asibiti can Wase ko Kanam a jihar Filato, wataƙila ranar shi kaɗai ne likita a wurin, ga mai naƙuda, ga yaro jiki zafi rau, ga dattijo da zai ce "likita jikin ne dai ba daɗi" kuma iyakar bayanin kenan. Ba wanda ke zuwa da rubutu a goshi cewa ciwonsa na zuciya ne ko na ƙoda.

Masu wannan aikin kullum su ne likitocin iyali, waɗanda ke zama a GOPD, wato inda kake fara kai katinka kafin a ce jeka gida ko a ba ka gado. Ni a ganina su ya kamata su riƙe kaso mai tsoka na koyar da ɗalibai, ba a kawo musu yara na ɗan lokaci kamar 'yan yawon buɗe ido ba.

Tun 1961 wani likita mai suna Kerr White da abokan aikinsa suka yi lissafi da alƙaluman Amurka da Birtaniya: cikin manya 1000, a wata guda kusan 750 za su ji wani ciwo, 250 su ga likita, 9 a kwantar da su, 1 kacal ke kaiwa asibitin koyarwa na jami'a. To a kan gadon wannan mutum 1 ɗin ne ɗalibi ke cinye yawancin lokacinsa. Balle mu nan da kemis da mai maganin gargajiya ke tare mara lafiya tun a hanya. Sai kaga yaro ya haddace cutar da zai iya gama aikinsa bai sake gani ba, amma bai iya zama da Hajiya mai hawan jini da suga ba, wadda ta daina shan magani don ta ji sauƙi, ko don kuɗin ya ƙare tana jin nauyin faɗa. Yadda ake tambaya har ta faɗa, da zaɓen gwaji ɗaya da aljihunta zai ɗauka maimakon biyar, da sanin lokacin da za a ce wannan ya fi ƙarfina a wuce gaba, duk a gefen tebirin likitan iyali ake ɗaukarsu.

Kuma mu a Jos ba baƙon fanni ba ne. Asibitin Jankwano, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, yana cikin wuraren farko da aka fara horar da irin waɗannan likitoci a Najeriya tun farkon shekarun 1980, ga kuma sashen da ke JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Malamai dai akwai.

Masu ja za su ce manhaja ta cika, kowane sashe na kukan makonninsa ba sa isa, tiyata ba za ta bar nata ba, na yara ma haka. Gaskiya ne. Wanda ya fi damuna ma shi ne layi, mutum na duba marasa lafiya tun safe benci bai ragu ba, ina zai samu sukunin tsayawa ya ce wa ɗalibi kai me ka gani? Amma wannan ai matsalar tsari ce, a ware wa malamin ranakun koyarwa a rage masa kati a ranar, a lissafa masa koyarwar cikin aikinsa wajen ƙarin girma.

Sai jarabawa. Ɗalibi wayo gare shi, abin da ba ya kayar da mutum ba ya ɓata dare a kansa. In MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitanci a Najeriya, da jami'o'i na so a ɗauki fannin da gaske, su ba shi maki mai nauyi a jarabawar ƙarshe, kuma likitocin iyalin su zauna cikin masu jarabawar.