Ranar Da Mutum Uku Suka Gyara Mini Miya

Likitar da ta auna ni ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ta ga na'ura ta nuna 150 bisa 95, ta ce duk awon da ya kai 140 bisa 90 ya kuma zauna a nan hawan jini ne, sannan ta tambaye ni ko jinina ya taɓa hawa ina da juna biyu. Da na ce ya hau a cikin autata, sai ta gyara zama ta shaida mini cewa macen da ta yi irin wannan tana cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi yi wa barazana daga baya, kuma cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne suka fi kashe mata a duniya, duk da cewa mun ɗauke su cutar maza masu tumbi. Ta rubuta magani, ta kuma karanta mini ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: kada baligi ya kai gram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, alhali akasarin mutane suna cin ninkinsa.

Ni kuwa mace ce mai bugun ƙarfe da zafinsa. Ina isa gida na tattara gishiri da dunƙulen ɗanɗano, wanda likita ta ce kusan rabinsa gishiri ne, na kulle su a kabad, na ɗaure makullin a bakin zanena. Man da nake kwarawa da ludayi ya koma ana auna shi da cokali, kifi ya bar kasko ya koma gashi, na kuma sayo ma'auni domin kowa ya samu gram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace da hukumar ta ce a ci kullum. Ɗanɗano kuma na damƙa shi ga albasa da tafarnuwa da citta da lemun tsami.

A daren farko an ci abinci cikin wani irin shiru da ban taɓa ji a gidan ba. Maigida ya daɗe yana juya cokali kafin ya ce, "Uwargida, wannan miyar daga asibiti aka haɗo ki da ita?" Surukata kuwa ta ajiye nata cokalin a hankali, ta ce, "'Yar nan, gishiri ya ƙare a duniya ne ba a faɗa mini ba?" Na so in gaya mata cewa ita ce ma ta fi kowa buƙatar wannan girki, domin idan mace ta daina al'ada sinadarin da ke taimaka wa jijiyoyinta yana raguwa, haɗarin kuma ya ƙaru, amma wannan ba magana ce da zan iya dubar idonta in faɗa ba. Na roƙi ɗanta ya isar mata, ya ce in nemi wani ɗan aiken. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Hajiya, ku yi haƙuri, don lafiyarku ne."

Bayan ɗan lokaci ƙorafi ya ɗauke, kwanuka suka fara dawowa a suɗe, ni kuma na shiga yi wa ƙawayena wa'azi a kan yadda ake juya gida da haƙuri da hikima.

Ranar da maigida ya gayyato abokan aikinsa cin abinci, na ɗora babbar tukunyar miyar kifi, na rage wuta, na shiga wanka. Da na fito na juye a kwano, na ɗan lasa domin in ji ko lemun tsamin ya isa. Nan take muƙamuƙina ya ƙage, zuciyata ta tashi, numfashina ya sarƙe. Da yake likita ta gargaɗe ni cewa bugun zuciya a jikin mace yana iya zuwa ba tare da ciwon ƙirji mai tsanani ba, ya zo da tashin zuciya da ciwon muƙamuƙi ko baya da ƙarancin numfashi, sai na dafa bango na fara salati. Sai da na kurkure baki na gane cewa zuciyata lafiya lau take, miyar ce ta zama kamar ruwan teku.

Na taɓa bakin zane, makulli yana nan. Na tara mutanen gida a ɗakin girki ina riƙe da ludayi. Autata ce ta fara karaya, ta ce ta roƙo gishiri a maƙwabta ta zuba cokali biyu don kada baƙi su yi mana dariya. Maigida ya yi gyaran murya ya zaro wata 'yar takarda a naɗe daga aljihu, ashe da ita yake zama cin abinci kullum, ranar kuma ya ga ya kamata ya yi wa tukunya gaba ɗaya alheri. Hajiya ba ta ce uffan ba, sai dai ta kwance bakin mayafinta ta nuna ƙullin da ya rage, ta ce ita dai ta yi ne saboda mutuncin ɗanta. Kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ne mai ceto. Baƙi suka ci shinkafa da dafaffen ƙwai, ɗaya daga cikinsu har yana yaba sauƙin kanmu.

Da na koma awo na ba likita labari, ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce harshe yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni idan ana ragewa sannu a hankali. Na buɗe kabad a gaban kowa, aka yi murna, ni kuma na shiga zaftare kaɗan kowane mako ba tare da sanarwa ba. Yanzu abin da nake zubawa bai kai rabin na da ba, maigida kuma yana nan yana bugun ƙirji a gaban abokansa cewa shi ne ya tsaya tsayin daka har gishiri ya dawo gidansa.