Yaron shago da maigida: me ya hana a rubuta?

Duk wanda ya saba zama da 'yan kasuwa a Kano, a Kantin Kwari ne ko Singa ko Ƙofar Wambai, ya san ƙorafin nan da ba ya ƙarewa, wai yaran yanzu ba su da amana. Ka ɗauko yaro ka koya masa ciniki, ya san kwastomomi, ya san inda ake saro kaya, bayan shekara biyu uku sai a zauna lissafi a ga giɓi, ko ka ji ashe yana da nasa kayan a gefe yana sayarwa da sunan shagonka. Ban musa ba, ana yi. Amma in ka tambayi maigidan, ranar da ka ɗauke shi me kuka ajiye da shi, nawa za a riƙa ba shi, shekara nawa zai yi, da me za a sallame shi? Sai ka ji "haba, ai ɗana ne", ko "ai taimakonsa nake yi".

To wannan "taimako" ɗin shi ne tushen rigimar a ganina. Yaro ya fito tun takwas na safe, ya buɗe shago, ya yi shara, ya ɗauki dila, ya je banki, ya bi bashi, da yamma a aike shi ɗauko yara daga islamiyya, duk wannan maigida bai ɗauke shi a matsayin aiki ba, alfarma ce yake wa iyayen yaron. Abin da ake ba shi kuɗin abinci ne da na mota, sai ɗinkin sallah. Shi kuma yaron a ransa yana nasa lissafin, yana ganin kuɗin da ke wucewa ta hannunsa kullum, yana jiran ranar sallama da babu wanda ya taɓa yanka masa. Kowa da lissafinsa a ciki, ba a faɗa ba, kunya ta hana.

Akwai wani a unguwarmu da ya yi shekara goma sha ɗaya a shagon atamfa, maigidansa mutumin kirki ne wallahi, kullum yana ce masa kwantar da hankalinka zan buɗe maka naka. Allah ya yi wa maigidan rasuwa. Da aka zo rabon gado magada suka ce su ba su san da wannan maganar ba, kuma ba ƙarya suka yi ba, babu takarda babu shaida. Yanzu Keke Napep yake ja.

Abin mamaki, doka ma ta yi magana, mu ne ba ma dubawa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce cikin wata uku da fara aiki dole mai aiki ya ba ma'aikaci takarda mai bayanin irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da yadda za a rabu. Ta ba shi hutun aƙalla kwana shida da biya bayan ya cika shekara. Ko kora ce akwai notis: wanda ya haura wata uku mako ɗaya, wanda ya kai shekara biyu mako biyu, wanda ya kai shekara biyar wata guda. A kasuwa kuwa "kar na sake ganinka a shagon nan" ita ce notis ɗin. Shi kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024, bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato yawancin shagunanmu suna waje. Kenan gwamnati ba za ta zo ta gyara wannan ba, sai dai 'yan kasuwar da ƙungiyoyinsu.

Kuma fa ba sai an kawo mana zancen HR, wato sashen kula da ma'aikata na manyan kamfanoni ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, alƙawarin sallama kuwa ni ban ga bambancinsa da bashi ba. Hadisin biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi. Sannan ga maƙwabtanmu Ibo a Sabon Gari, kafin yaro ya fara yi wa maigida hidima ana zama da danginsa a yanka shekarun da zai yi, ya san ranar da za a sallame shi da jari. Su ma ana samun masu saɓa alƙawari, amma aƙalla akwai abin da za a kama a yi magana a kai.

Na san abin da iyayen gida za su ce. In aka koma albashi da takarda zumuncin ya tafi, don maigida na gari yana yi wa yaro abin da albashi ba zai yi ba, ya yi masa aure, ya kai shi Makka, ya biya kuɗin asibitin mahaifiyarsa. Gaskiya ne, kuma ba na so a rasa wannan. Sai dai takarda ba ta hana kowa kyauta, mafi ƙarancin haƙƙi kawai take tabbatarwa yadda yaron da ya faɗa hannun marowaci, ko wanda maigidansa ya rasu, ba zai tashi a tutar babu ba. Shi ma maigidan ta kare shi, don yaron da ya san rabonsa, misali kaso kaza cikin ribar shekara, ba shi da hujjar cewa haƙƙinsa ya ɗiba.

Na taɓa kawo wa wani Alhaji wannan shawarar, ya ce in ya rubuta yaron zai ga kamar bai yarda da shi ba. Muna cikin maganar ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya zo ɗaukar shadda turmi biyar bashi, Alhaji ya jawo littafi ya rubuta har da kwanan wata.