Mai piyano ba shi ne ubangidan kiɗan ba

Matasa a Katsina suna tura wa juna bidiyon wasu makaɗa guda uku masu yawon ƙasashe: mai piyano, mai gogen Turawa wato bayolin, da mai babban gogen da ake kafawa a ƙasa, celo. Da yawa sun ɗauka mai piyano ne ubangida, sauran biyun 'yan rakiya. Kunnenmu ya saba da tsarin Mamman Shata da 'yan amshinsa, shi ya sa.

Zaton yana da tushe. Haydn, mutumin Ostiriya, ya rubuta irin wannan kiɗa na mutum uku sama da 40, kuma a yawancinsu celo bin hannun hagun mai piyano kawai yake yi. Beethoven, mutumin Jamus, ne ya ƙara 'yantar da celo, musamman a wanda ya rubuta a 1811, inda kowane kayan kiɗa ke da tasa maganar. Shostakovich na Rasha ya zarce nan a 1944: celo ne ke buɗe kiɗan shi kaɗai da siririyar murya, bayolin ya shigo da murya ƙasa da tasa, piyano ya zo daga baya. Wannan buɗewar tana taɓa zuciya ƙwarai.

Babu jagora mai sanda a gaban makaɗan uku yana ba da umarni. Da ido da jan numfashi suke haɗa shiga, shi ya sa ƙungiya ɗaya kan daɗe tare shekara da shekaru. Idan sun yi tafiya ma, masu goge ne ke ɗauke da nasu kayan. Mai piyano yawanci wanda ya tarar a zauren shi zai kaɗa.