Kada zaman kulle ya mayar maka da dare rana

'Yan uwana matasa, duk wanda ya ga kullen korona na 2020 ya san yadda aka sha. Tun watan Maris aka rufe makarantu, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba, a Afrilu kuma aka kulle Kano, azumi ya riske mutane a gida, ba kasuwa, ba Juma'a. Da yawanmu cutar ba ta kama mu ba, rikicewar yini ce ta galabaitar da mu.

Saurayi ya kwana yana latsa waya har ƙarfe 3, ya makara sallar asuba, ya koma barci sai azahar. Ya tashi kai na sarawa, bai yi wanka ba, ƙanensa ya yi masa magana ya hantare shi. Sai ya ce wai bai san abin da ke damunsa ba. To ai ga shi nan! Jiki yana da agogonsa, hasken safiya da lokacin cin abinci ne ke saita shi. Idan ya rikice barci ya lalace, ƙunci da fargaba su samu ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100 a duniya.

Idan irin wannan zama ya sake zuwa, Allah ya kiyaye, ka rataya yininka a jikin salloli biyar, tunda su babu dokar da ke ɗage lokacinsu. Bayan asuba kada ka koma shimfiɗa. Fito tsakar gida rana ta taɓa ka, ka yi shara ko ka ɗebo wa Inna ruwa. Ka yi wanka ka sa kaya kamar mai fita, ko da zaure ne iyakarka. Hantsi na karatu ne ko koyon sana'a, bayan la'asar ka kira aboki ku gaisa da baki. Labarin annoba kuwa sau ɗaya ko biyu a yini ya isa, shi ma daga hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa (NCDC) ko rediyo, ban da jita-jitar WhatsApp. Bayan isha'i waya ta kwana nesa da matashin kai.

Wanda ya yi duk wannan amma ƙuncin ya haura mako biyu, ba ci, ba barci, kada a tsaya ce masa ya yi haƙuri kawai. A raka shi wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato.